Huey Long: gwamnan da ya shimfiɗa wa talaka titi, ya sa jiha a aljihu

A tarihin gwamnonin Amurka da wuya a samu wanda kan jama'a ya rabu a kansa kamar Huey Long na jihar Louisiana. Ko shekara huɗu bai cika a kujerar gwamna ba, daga Mayun 1928 zuwa Janairun 1932. Ya ƙara shekara uku da 'yan watanni yana sanata, aka harbe shi yana da shekara 42. Duk da haka, sai da aka yi wajen shekara 25 bayan mutuwarsa siyasar jihar ba ta da ɓangare sai biyu, 'yan Long da maƙiya Long. Na farko su nuna maka titi da gada da littafin makaranta. Na biyu su nuna maka majalisar da ya mayar 'yar amshin shata, da sojojin da ya tura wa birnin da ya ƙi yi masa biyayya. Kowane ɓangare gaskiya yake faɗa, kuma nan wahalar take, domin da kayan aiki ɗaya ya yi ginin ya kuma yi rusau.

Ba za a gane Long ba sai an san Louisianar da ya tarar. Jiha ce mai arziki: man fetur, iskar gas, katako, rake, auduga, ga tashar jiragen ruwa ta New Orleans a kan kogin Mississippi. Amma tun ƙarshen ƙarni na 19 mulki ya maƙale a hannun mutane ƙalilan, wato masu manyan gonaki, attajiran New Orleans, ƙungiyar siyasar birnin da ake kira Old Regulars, sai kamfanin Standard Oil mai ƙatuwar matata a Baton Rouge. Waɗannan ba sa son haraji, don haka gwamnati ba ta aiki. Duk faɗin jihar, titin da aka shimfiɗa da gaske bai wuce mil 300 da wani abu ba, manyan gadoji kuwa uku ne, a ƙasar da koguna da fadamu suka yayyanka. In ruwa ya sauka, manomi ya zauna da amfanin gonarsa. In zai ƙetare kogi, ya biya kuɗin fito. Ƙidayar 1920 ta nuna fiye da mutum ɗaya cikin biyar bai iya karatu ba, babu jihar da ta kai ta lalacewa a wannan fanni. Iyaye ke sayen littattafan makaranta, wanda bai da hali ɗansa ya zauna gida. Baƙar fata kuwa an riga an kore su daga rumfar zaɓe: a 1896 kimanin 130,000 ne a rajista, bayan tsarin mulkin jiha na 1898 suka koma 1,342 a 1904. Harajin da ake biya kafin a jefa ƙuri'a ya haɗa har da talakawan farar fata da yawa ya yi waje da su.

Sai ga ambaliyar Mississippi ta 1927. Don a ceci New Orleans, manyan birnin suka sa aka fasa ganuwar tare ruwa da nakiya a Caernarvon, ruwan ya malale gundumomin St. Bernard da Plaquemines, inda masunta da masu ɗana tarko ke zaune. An yi musu alkawarin diyya, abin da ya kai hannunsu bai taka kara ya karya ba. Shekarar da ta biyo baya aka yi zaɓen gwamna.

An haifi Long ranar 30 ga Agusta 1893 a Winnfield, gundumar Winn, a arewacin jihar. Yankin ƙasa ce marar albarka da mutane masu taurin kai, waɗanda tun dā ba sa shiri da masu manyan gonaki. A zaɓen shugaban ƙasa na 1912, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un gundumar ɗan gurguzu Eugene Debs aka ba. Long yakan yi ta kirarin talaucin da ya taso a ciki, har 'yan'uwansa na jin haushi, domin mahaifinsu mai gona ne da dabbobi da rufin asiri. Makarantarsa ta gaskiya talla ce. Ya yi yawon gida-gida yana sayar da wani kitsen girki mai suna Cottolene, yana shiga har madafa ya nuna wa matan gida yadda ake amfani da shi. A gasar gasa kek da ya shirya don tallan ne ma ya haɗu da Rose McConnell, wadda ya aura a 1913. Karatun lauya bai cika shekara yana yi a jami'ar Tulane ba, ya nemi a yi masa jarrabawa, ya zama lauya a 1915 yana da shekara 21.

Yana ɗan shekara 25 ya ci zaɓen shiga hukumar da ke sa ido kan jiragen ƙasa, wadda daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da waya da wuta da bututun mai. Kujera ce da mutane ke barci a kanta, shi kuwa ya mayar da ita dandali. Ya tilasta wa kamfanin waya na Cumberland mayar wa jama'a kuɗin da ya caje su fiye da kima. Ya kuma sa Standard Oil a gaba, kuma a nan akwai ta cikin gida: yana da hannun jari a ƙananan rijiyoyin mai, kamfanin ya ƙi ɗaukar mansu a bututunsa, jarin ya narke. Bai taɓa yafewa ba. A 1924 ya nemi gwamna ya zo na uku. A 1928 ya samu kusan kashi 44 cikin 100 a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, wanda a Kudancin Amurka na wancan zamani shi ne zaɓen, abokin karawarsa ya janye daga zagaye na biyu. Takensa shi ne kowane mutum sarki ne, amma ba mai sa kambi.

Abin da ya yi da babu wanda ya yi kafinsa shi ne tsallake manyan gunduma ya je wa mutane kai tsaye, a mota, kan waɗannan hanyoyi na taɓo. Ya kuma haɗa talakan arewa mabiyin Furotesta da talakan kudu 'yan Katolika masu jin Faransanci, waɗanda aka daɗe ana raba su da addini. Ana ba da labarin cewa wani ya ja masa kunne kan yawan 'yan Katolika a kudu, sai ya riƙa buɗe jawabi da cewa yana yaro, ran Lahadi da asuba yakan ɗaura wa doki keke ya kai kakanninsa 'yan Katolika cocinsu, ya dawo ya kai kakanninsa 'yan Baptis nasu. Da mutumin ya ce ashe kana da kakanni 'yan Katolika, sai Long ya ce masa kada ka zama wawa, ko dokin ma ba mu da shi. Ko labarin ya faru ko ƙari ne, ya kama halin mutumin.

Sai dai da ya hau, alkawuran da ya yi bai bar su a dandalin kamfe ba, kuma wannan ne ya raba shi da sauran masu baki na Kudu irin na zamaninsa. Batun littattafai ya isa misali. Tsarin mulkin jiha ya hana a ba makarantun addini kuɗin gwamnati, alhali yaran kudu da yawa makarantun Katolika suke zuwa. Long ya sa aka rubuta dokar da cewa yaro ake ba littafi, ba makaranta ba, kuɗin kuma daga harajin haƙar mai. Aka kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ta tabbatar da dokar a 1930. Hukumomin gundumar Caddo, inda birnin Shreveport yake, suka ce su ba mabarata ba ne, ba za su raba littafin sadaka ba. A daidai lokacin suna neman a kafa musu sansanin jiragen saman soja, kuma ana buƙatar amincewar jiha. Long ya riƙe sa hannu har suka karɓi littattafan. A nan an ga abin da zai biyo baya gaba ɗaya: manufa mai kyau, dabarar lauya mai kaifi, sai murɗe hannu.

A titi ma dabara ya yi. Kuɗin farko ba zai isa ya haɗa gari da gari ba, sai ya warwatsa guntayen titin siminti na 'yan mil kaɗan a gundumomi daban-daban. Direba ya ɗanɗana santsi, ya sake faɗawa cikin taɓo, ya koma gida yana neman a ƙarasa. Da haka ya samu goyon bayan cin bashi mai yawa. Kafin 1935 an yi dubban mil na titi, na siminti da na kwalta da na tsakuwa, da gadoji sama da 100, har da babbar gadar Mississippi kusa da New Orleans wadda aka buɗe watanni uku bayan mutuwarsa. An buɗe makarantun dare na yaƙi da jahilci, inda aka ƙiyasta manya kimanin 100,000 sun koyi karatu, da yawansu baƙar fata. Ya faɗaɗa asibitocin marasa hali, ya kafa makarantar likitanci ta jami'ar jiha, ya zuba wa jami'ar kuɗi har yana tsoma baki a ƙungiyar ƙwallonta da ta bushe-bushe. Ya sa fursunoni suka rushe tsohon gidan gwamna, ya gina sabo mai kama da Fadar White House. Ya gina majalisa mai hawa 34, har yau babu ginin majalisar jiha da ya kai ta tsawo a Amurka. Bashin jiha kuwa ya tashi daga kimanin dala miliyan 11 zuwa kusan miliyan 150.

A ganina, shekarar da ta yanke yadda labarin zai ƙare ita ce 1929. A watan Maris ya kira zama na musamman ya nemi a sa harajin santi 5 kan kowace gangar mai da aka tace. Standard Oil ya tashi tsaye, jaridu suka bi, maƙiyansa a majalisar wakilai suka ga dama ta samu. Ranar 25 ga Maris kakakin majalisa, wanda na Long ne, ya yi yunƙurin rufe zama, na'urar ƙidayar ƙuri'a ta nuna sakamakon da bai yi daidai da abin da aka jefa ba, sai dambe ya kaure a zaure har da zubar jini. Aka jero tuhume-tuhume 19, daga ba 'yan majalisa cin hanci da almubazzaranci da kuɗin jiha, har zuwa zargin ya nemi mai gadinsa ya kashe wani ɗan majalisa. Majalisa ta amince da takwas. Ta farkon ita ce ya yi wa mai jaridar Baton Rouge, Charles Manship, barazanar zai tona cewa ɗan'uwansa yana asibitin masu taɓin hankali in bai daina sukarsa ba. Wannan kuwa bai tsaya a barazana ba, ya faɗa a bainar jama'a.

Majalisar dattawan jiha mai kujeru 39 ce za ta yi shari'ar, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda za a tsige shi. Long ya bi sanatoci ɗaya bayan ɗaya, wasu cikin dare, ya samu 15 suka sa hannu a takarda cewa ko wace irin shaida aka kawo ba za su kama shi da laifi ba, hujjarsu ita ce an amince da tuhume-tuhumen bayan wa'adin zaman ya ƙare. Shari'a ta mutu tun ba a yi nisa ba. Waɗanda suka sa hannu aka saka musu da muƙamai da tituna a mazaɓunsu. Long da kansa ya ce a dā yana neman abu ne da lallashi, yanzu kuwa nakiya zai riƙa sa wa duk wanda ya tare masa hanya.

Dole a yi adalci a nan. Waɗanda suka nemi tsige shi ba waliyyai ba ne. Shekara da shekaru doka da tsarin mulki a hannunsu garkuwa ce ta kare dukiya, kuma ba su tashi ganin laifinsa da gaske ba sai da ya taɓa mai. Shi ya sa da Long ya fara taka doka, manomin da ɗansa ya samu littafi a karon farko bai ga abin kuka ba. Dokar ba ta taɓa yi masa rana ba, balle ya ji zafin tattake ta. Amma abin da Long ya koya daga 1929 ya wuce kare kai. Ya yanke cewa duk wata kujera da ba ta hannunsa barazana ce.

Ma'aikatan jiha aka riƙa yankar wani kaso na albashinsu, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana zubawa a asusun siyasarsa, tsabar kuɗi a akwati, babu rasit. Waɗanda ya naɗa a manyan muƙamai yakan karɓi takardar murabus ɗinsu tun ranar farko, ba kwanan wata. Ya kafa jaridarsa, Louisiana Progress, a 1930. Ya samar da 'yan sandan farin kaya masu amsa umarnin gwamna kaɗai. An ce wani ɗan majalisa ya taɓa tura masa kundin tsarin mulkin jiha yana tambaya ko ya san wannan littafi, Long ya ce ai yanzu ni ne tsarin mulki a nan.

Dokar jiha ta hana gwamna zarcewa, sai ya nemi sanata a 1930 ya ci. Amma ya ƙi tafiya Washington fiye da shekara, don mataimakinsa Paul Cyr, wanda zai hau kujerar gwamna in ya tafi, ya zama abokin gaba. Da Cyr ya gaji da jira ya rantsar da kansa gwamna a Oktoban 1931, Long ya zagaye majalisa da dakarun jiha, ya ce tunda Cyr ya yi rantsuwar wata kujera to ya bar tasa, kuma kotu ba ta ceci Cyr ba. Sai da ya tabbatar abokinsa na ƙuruciya Oscar K. Allen ya ci zaɓen gwamna sannan ya tafi. Allen sa hannu kawai yake yi. Ƙanen Long, wato Earl, ya taɓa yi masa ba'a cewa wata rana iska ta kaɗo ganye ta taga ya faɗi kan teburinsa, sai ya sa masa hannu. Sanata Long, wanda ba shi da wani muƙami a gwamnatin jiha, shi ke zuwa zauren majalisa yana ba da umarni, ya zauna gaban kwamiti yana bayyana ƙudurori cikin minti biyu-biyu. A wani zama na 1934 an zartar da dokoki 44 cikin 'yan sa'o'i.

Dokokin 1934 da 1935 su ne suka fi nuna inda aka dosa. Ɗaukar malaman makaranta, 'yan sandan gari, masu kashe gobara, har ma'aikatan rumfar zaɓe, duk aka mayar da su ƙarƙashin hukumomin da Long ke juyawa. New Orleans, wadda magajin garinta T. Semmes Walmsley ya ƙi durƙusawa, aka toshe mata hanyoyin samun kuɗi, aka tura dakaru suka mamaye ofishin rajistar masu zaɓe. Manyan jaridu masu buga sama da kwafi 20,000 a mako aka ɗora musu harajin kashi 2 cikin 100 kan kuɗin talla, Long yana kiransa harajin ƙarya. Kotun Ƙoli ta soke shi a 1936. A cikin shekarun nan dai ya soke harajin zaɓe, ya kuma yafe harajin gida kan dala 2,000 ta farko na darajar gidan da mutum ke zaune a ciki. Hannu ɗaya na bayarwa, ɗaya na ƙwacewa, har ƙarshe.

Batun launin fata ana yawan yi masa kwalliya fiye da kima. Gaskiya ne bai gina siyasarsa kan zagin baƙar fata ba kamar Gwamna Theodore Bilbo na jihar Mississippi, kuma littattafai da asibitoci da titi sun kai gare su. Amma bai taɓa wariya ba, bai mayar musu da ƙuri'a ba, soke harajin zaɓe farar fata ya amfana, kuma ya ƙi goyon bayan dokar tarayya ta hana kisan gillar da gungun farar fata ke yi wa baƙaƙe. Sarautar kowane mutum da yake kirari tana da iyaka.

A Washington ya taimaka wa Franklin Roosevelt samun takarar shugaban ƙasa a 1932, ba a yi shekara ba suka ɓata. Ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba aiki, Long na ganin Roosevelt lallaɓa masu kuɗi yake. A Fabrairun 1934 ya shiga rediyo ya ƙaddamar da shirin raba arziki, Share Our Wealth: a ƙayyade dukiyar da mutum ɗaya zai tara da abin da zai samu a shekara, a ba kowane iyali abin da ya kai dala 5,000 na gida da mota da rediyo, a tabbatar masa da kuɗin shiga na shekara, a ba tsofaffi fansho. Masana tattalin arziki sun ce lissafin bai fita, domin dukiyar attajirai masana'antu ce da layin dogo da hannun jari, ba tsabar da za a kasa ba. Jama'a ba su damu ba. Zuwa 1935 ƙungiyar na iƙirarin rassa 27,000 da mambobi sama da miliyan 7. Roosevelt ya sa shi cikin mutum biyu mafiya haɗari a ƙasar, ɗayan Janar Douglas MacArthur. Ya hana mutanen Long muƙaman tarayya, ya sakar musu masu binciken haraji. Wani binciken sirri na jam'iyyar Dimokurat ya nuna in Long ya tsaya a wata jam'iyya ta uku a 1936 zai iya kwashe ƙuri'a miliyan 3 zuwa 4. Masana tarihi na jayayya kan ko tsoronsa ne ya tura Roosevelt ga dokar fansho da ƙarin haraji kan masu kuɗi a 1935, amma babu mai cewa bai shiga lissafi ba.

Daren Lahadi 8 ga Satumba 1935 Long yana cikin ginin majalisar da ya gina, ana zaman musamman. Cikin ƙudurorin har da na sake shata mazaɓar wani alƙali, Benjamin Pavy, don ya faɗi zaɓe. Surukin alƙalin, likitan kunne da maƙogwaro mai suna Carl Weiss, ɗan shekara 28, ya tare shi a baranda. Harsashi ɗaya ya shiga cikin Long, masu gadinsa suka yi wa Weiss ruwan harsashi kusan 60. An yi wa Long tiyata cikin gaggawa, jini bai daina zuba a ciki ba, ya mutu ranar 10 ga wata. Har yau akwai masu cewa Weiss naushi kawai ya kai, harsashin masu gadi ne ya samu Long. An tono gawar Weiss a 1991, 'yan sandan jiha suka sake bincike, suka tsaya kan cewa shi ne ya yi harbin. An ƙiyasta mutum 200,000 sun je Baton Rouge jana'iza, aka binne shi a gaban majalisar.

Abin da ya faru bayansa shi ya fi zama hujja a kansa, fiye da duk zagin maƙiya. Ya tattara iko wuri ɗaya, ya kawar da duk mai iya cewa a'a, sai ya bar wannan iko ga mutanen da suka gaji haɗamarsa ba su gaji manufarsa ba. Akwatin kuɗin da ake yanka daga albashi ba a sake ganinsa ba. Magadansa suka shirya da Roosevelt, aka janye ƙararrakin haraji, kuɗin tarayya suka kwararo. Richard Leche, wanda ya zama gwamna a 1936, shi ne ya ce da ya yi rantsuwar kama aiki bai yi rantsuwar zama matalauci ba. A 1939 asiri ya tonu, Leche ya yi murabus, aka yanke masa shekara 10 a gidan yari. Shugaban jami'ar jiha, James Monroe Smith, ya gudu Kanada bayan ya yi caca da kuɗin jami'a a kasuwar hatsi, aka dawo da shi aka ɗaure. A 1940 masu zaɓe suka kori 'yan Long suka ɗora ɗan gyara, Sam Jones.

Korar ba ta daɗe ba. A 1948 suka mayar da Earl Long kujerar gwamna da gagarumin rinjaye, a kan alkawarin fansho da abincin rana kyauta a makarantu da ƙarin asibitoci, suka kuma tura ɗan Huey, Russell Long, majalisar dattawan Amurka. Earl ya sake cin zaɓe a 1956, Russell kuwa bai bar kujerarsa ba sai 1987.